Bikon Matar Garba a Filin Ƙwallon Dahome

Tun da na dawo ban samu na zauna ƙofar gidana na ci goro cikin kwanciyar rai ba. Wanga ya zo, "Mamman, yaya Dahome?" Wancan ya zo, "Mamman, wai gaskiya ne burodinsu ya kai tsawon sanda?" Na ba da labari har muryata ta dushe, kuma duk wanda ya tashi daga wurina sai ya kai shi kasuwa da nasa ƙarin gishiri. Jiya ma na ji ana cewa wai mun yi dambe da sojan Faransa mun kore su. To, tunda na ɗan zauna ajin yaƙi da jahilci, hannuna yana kama alƙalami ko da a karkace, ga shi na rubuta. Wanda ya sake tambayata in miƙa mashi.

Kun san ni ba mai yawo ba ne. In an cire kasuwar Lolo da ta'aziyya a Ka'oje, ban taɓa kwana inda ba na jin tarin Innarmu ba. Ƙanena Garba ne ya fitar da ni.

Matar Garba, Biba, ɗiyar Dendawa ce ta wani gari Tondi, can bayan Lolo, cikin ƙasar Dahome. Da cikinta na fari ya tsufa anka kai ta gida wanka, kamar yadda ake yi, ta haifi namiji. Mahaifinta ya rasu, ƙanensa Baba Jibo shi ke da magana a gidan. Ranar suna Garba ya je. Maimakon ya tuɓe takalmi tun daga nesa ya tsuguna, sai ya taka har gaban Baba Jibo a tsaye, ya miƙa mashi hannu a gaban jama'a. An ce tsohon ya dubi hannun kamar an miƙo mashi ruɓaɓɓen kifi. Arba'in ta wuce, kaka ta wuce, yaro ya fara zama, ba a maido Biba ba. Duk wanda munka aika, amsa guda yake dawowa da ita: sai yaronku ya koyi gaisuwa. Inna kuwa kullum hawaye, tana cewa za ta mutu ba ta ga jikanta ba.

Wa ya koya wa Garba wannan rashin kunya? Malam Sani Akawu, shugaban kulob ɗin ƙwallonsu. Shi ke tara su yana cewa tunda an samu mulkin kai ba mai sake tsuguna wa wani. Ni dai na ɗauka Bature anka ce ya tafi, ban san har da surukai ba.

Bari in ba ku asalin kulob ɗin ga, don na ji Malam Sani yana ba da shi wani iri. Wani Bature likitan shanu ne ya zo allura, ya tafi ya mance ƙwallonsa a bariki. Malam Sani ya tsince ta, ya ɓoye ƙarƙashin gado damina guda, har anka kawo wani malamin makaranta daga Birnin Kebbi wanda ya san yadda ake bugawa. Sunka tara samari, sunka share ƙarangiya da kashin shanu a gefen kasuwar shanu, sunka kafa gora biyu nan biyu can, sunka sa wa kansu suna Zakunan Sarauniya. Da anka samu mulkin kai sunka koma Zakunan Mulkin Kai. Sunan ne ya canza, bugun yana nan yadda yake. A gasar lardi akwai aji na sama, akwai na ƙasa, su suna ƙarƙashin na ƙasan. Nasarar da suke taƙama da ita guda ce, ta Ka'oje. Ranar ruwa ya ci gonaki, duk mazan garin suna fadama suna ceton shinkafa, ba wanda ya zo fili. Malam Sani ya busa usur ya ce sun ci, sunka dawo da kiɗa. Abin da ke riƙe samari a kulob ɗin shi ne duk wanda ya iya bugu Malam Sani kan sama mashi aikin leburan hanya. Da wannan aikin Garba ke ci. Kuma tsakani da Allah shi kam ya iya, in ya ɗauki ƙwallo ko kare ba ya cim mashi.

To sai ga saƙo, wai 'yan ƙwallon Tondi suna gayyatar Zakuna wasan zumunci, su ma sun samu nasu mulkin kai suna murna. Inna ta ce, "Mamman, tashi ka bi su. Kai ne babba, ka je ka ba mutanen ga haƙuri ka taho mini da jikana." Na ƙulle goro, na sa rigar sallata, na bi ayarin.

Da hantsi munka isa bakin gulbi. Malam Sani ya zo da kwat, da tabarau, da kekensa. Mai fito yana can tsallake, sai Malam ya ce kada a zauna banza, a tuɓe a motsa jiki. Gardawa sunka cire riguna, sunka tsaya da gajeren wando suna tsalle suna ware ƙafafu. Ga mata nan jere suna wanki.

Wata ta ce, "Ke Hajo, dibi! Ɗiyan wa anka yi ma kaciya da gemu?"

Wata ta ce, "Ba kaciya ba ta, iska na. A kira masu mai goge."

Malam Sani ya ce da su wannan ilimi ne. Wata tsohuwa ta ce to Allah shi ba su lafiya. Ni dai na koma gindin wata bishiya na juya baya, don kada a ce tare muke.

Da munka ƙetare munka samu motar 'yan kasuwa mai zuwa Lolo, shaƙe da albasa da kwandunan busasshen kifi. A kan kayan munka hau. Ba mu yi nisa ba ta kafe cikin rairayi, Zakuna sunka sauka turi. Wannan shi ne aiki mafi amfani da na ga kulob ɗin ya yi tun kafa shi. A Lolo munka ci tuwon shinkafa da miyar kifi wurin wata mata da na sani, kowa ya yi ƙari, amma Garba loma biyu ya yi ya wanke hannu. Na ce ko warin motar ne. Daga nan sai ƙafa, Malam yana gaba a kan keke.

Ni da nake jin ana cewa iyaka, iyaka, na zaci ganuwa ce da ƙofar ƙarfe. Ashe igiya ce, an ɗaura mata tsummoki, an ja ta daga wani turke zuwa gindin tsamiya. Gonar mutum guda ce ma ta raba biyu, karan geron can da na nan duk ɗaya. Mata da tallansu, masu jakai, Fulani da shanunsu, kowa sai ya zagaya bayan tsamiyar ya wuce abinsa, ba mai ce mashi kanzil. Na ce mu ma mu zagaya. Malam Sani ya ce Allah shi kiyaye, mu wakilan ƙasa ne, ta ƙofa za mu shiga.

Ya tsaya gaban igiya ya buga ƙararrawar keke. Wani jandarma ya fito daga bukka, da hula mai baki da wando iyakar gwiwa, ga tsagar Dendawa raɗau a kumatunsa. Malam ya soma Turanci. Jandarma ya amsa da Faransanci. Malam ya ƙara murya, shi ma ya ƙara. Ba mai jin wani, ba kuma mai son ya fara saukowa. Muna tsaye rana tana dukanmu har inuwar tsamiya ta gusa. Can wani a cikinmu ya ce azahar fa tana wucewa. Sai jandarman ya juya ya ce, "Wallahi ko ni ban yi ba. Ga buta can, ku taho." Shi ya ba mu salla. Da munka sallame ya mai da hularsa, ya koma Faransancinsa, ya ce a kawo ƙwallo. Wai ana ɓoye taba a ciki. Ya kwance igiyarta, ya sace iskar, ya leƙa, ya sunsuna, ya miƙo mana ita a lotse kamar tsohuwar hula. Famfon hura ta kuwa an baro shi gida, Bagudo. Haka wakilan ƙasa sunka shiga Dahome.

Wani abin da ba a gaya wa Malam ba, su can dama suke bi a hanya, ba hagu irin namu ba. Muna shiga gari ya yi gaba yana ƙararrawa, sai ga wani mai keke ya taho ta hannun da yake nasa. Wanga bai kauce ba, wancan bai kauce ba. Sunka haɗu, sunka zube cikin shingen ƙaya, kowa yana rantsuwa shi ke kan hanya. Sai da munka zauna cire wa Malam ƙaya daga kwat.

An sauke mu a makarantarsu, da suke kira lakwal, anka haɗa mana bencuna mu kwana. Sannan anka kawo abincin da kuke ta tambaya. E, gaskiya ne, burodin ya kai kamu guda, kuma da shi za ka iya korar kare. Bayansa ƙarfe, cikinsa iska. Na gatsa sau ɗaya dasashina ya yi jini. Da shi da wani baƙin ruwa mai ɗaci, kafe, wai shi ne karrama baƙo. Ma'aikatansu kuma ba su da aiki sai miƙa hannu. Mutum ya gaishe ka da hannu, ya shiga bayan gida ya fito, ya sake miƙo maka. Da rana ta take tsaka kuma sai kowa ya rufe ƙofa ya kwanta, ko gobara ake yi sai sun tashi. Amma da ka bar unguwar ma'aikata, to Lolo ce sak: rumbu irin namu, kiran salla irin namu, tsofaffi a kan buzu suna ce maka fofo, sannunsu ke nan. Faransancin duka bai wuce gida biyar ba, amma ya ishe su yanga.

Da la'asar na ɗauki gorona na nufi gidan su Biba. Na tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, na shiga na tsuguna. Baba Jibo ƙato ne, dogo, furfura ta fara fito mashi, tsohon sojan Faransa. Na same shi yana ɗinka tsumma a gwiwar wani wando. Munka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi ruwa da shinkafa, bai tambayi Garba ba. Na ajiye goro na ce, "Baba, haƙuri na zo bayarwa. Yaro ne, zugar abokai ce."

Ya ce, "Kai ka san gaisuwa, Mamman. Amma ba kai na ba ɗiyata ba."

Na ce, "Tsohuwa tana kuka, Baba."

Ya ce, "Allah shi ba ta haƙuri. Ni ba ni aika jikana gidan da za a koya mashi miƙa ma manya hannu." Ya ciji zare ya tsinke. "A bari sai bayan wasa, yanzu hankalina ba shi nan. Ni ka tsaron gida gobe."

Na ce, "Wane gida, Baba?"

Ya ɗaga wandon. Ashe a soja ya koyi zama gola, kuma tun da anka kafa kulob ɗin Tondi ba wanda ya isa ya ce mashi ya tsufa.

Ina fita Biba ta tare ni a bakin ƙofa ta durƙusa, da yaron a hannu, ɓul-ɓul da shi, kunnuwan Garba ne anka ɗora mashi. Ya kama gemuna ya ja. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Yaya, kayana ɗaure suke tun kaka."

Na koma lakwal na ja Garba gefe. Na ce, "Ka san wa ke tsaron gidansu?"

Ya ce, "Na sani, Yaya. Me ka ga ya hana ni cin tuwo a Lolo?"

Malam Sani ya ji mu. Ya buɗe jakarsa ya fito da takalmin ƙwallo, wanda shi ke nan kulob ɗin ya mallaka, sauran duk ƙafa Allah suke bugawa. Ya danƙa wa Garba ya ce, "Gobe ka harba mashi ita har sai ya ga taurari."

Garba ya ce, "Malam, surukina ne."

Malam ya ce, "A fili babu suruki. In ka ci, kana da aiki. In ka tsaya kunyar ƙauye, ka nemi wani wurin ci."

Washegari bayan la'asar duk garin ya fito, da makaɗa da masu tallan gyaɗa. Filin rairayi ne, ƙafa tana nutsewa. Malamin lakwal ne alƙali. Baba Jibo ya tsaya tsakanin gora biyu da wandonsa mai faci, ya cika wurin. Anka busa usur.

Kada ku tambaye ni yadda wasan ya tafi. Gardawa ne ke bin fata guda suna haki, in ta yi nan su yi nan, in ta yi can su yi can, kamar kaji da tsaba. Namu guda ya kai mata shuri ya samu ƙasa, ya zauna yana riƙe da babban yatsa. Wani ya buga ta ta faɗa cikin tukunyar mai ƙosai. Garba kaɗai ke yin abin kallo. Sai ya ɗauko ta ya wuce wanga ya wuce wancan, amma da ya hango Baba Jibo sai ya sunkuyar da kai ya tura wa na gefe, na gefen kuma ya aika ta gonar mutane. Malam Sani yana bakin fili yana ihu har tabarau yana faɗuwa.

Rana ta yi sanyi, ba wanda ya ci, sai wani ɗan Tondi ya kwashe ƙafafun Garba dab da gida. Alƙali ya busa ya ce fenariti. Ga waɗanda ba su sani ba, ana ajiye ƙwallo ne a gaban gola, kowa ya ja baya, mutum guda ya buga, daga shi sai mai tsaron gida. Garba ya fara ja da baya cikin mutane. Malam ya shigo fili da gudu ya ce, "Garba zai buga! Garba, na ce!"

Anka ajiye ƙwallo. Makaɗa sunka yi shiru. Na hango Biba can cikin mata ta ja mayafi ta rufe fuska.

Garba ya taho har gaban ƙwallon ya tsaya. Sai ya duƙa ya soma kwance igiyar takalmi. Ya cire na dama, ya cire na hagu, ya jera su gefe. Ya tsuguna, kansa a ƙasa, ya ce, "Baba, ina wuni?"

Baba Jibo ya kau da fuska gefe, yadda suruki ke yi, ya ce, "Lahiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya iyali?"

Alƙali ya busa usur, ya sake busawa. Baba Jibo ya ɗaga mashi hannu ba tare da ya dube shi ba, ya ce, "Lahiya suke. Ya tsohuwa?"

"Tana gaishe ku."

"Madalla. To, yi abin da ya kawo ka."

Garba ya miƙe ya ce, "A gafarce ni, Baba." Ya sa gefen ƙafa ya ɗan tura ta, kamar mai tura wa baƙo ƙwaryar fura. Ta gangara, ta gangara, rairayi ya riƙe ta, ta tsaya cak a tsakaninsu. Garba bai ɗaga kai ba. Baba Jibo bai juyo ba. Mutane sunka tsaya suna kallon ƙwallo, ita ma tana kallonsu. Wata tsohuwa ce ta fara rangaɗa guɗa, sai filin ya ɗauka, dariya da kiɗa har ba ka jin zagin da Malam Sani ke yi da Turanci. Cikin wannan hayaniya wani ɗan Tondi ya sheƙo ya dunkuɗa ta gaba. Golanmu yana can ya bar gida ya taho kallo. Sunka jefa ta ciki. Da haka anka tashi.

Jama'a na watsewa, Malam bai bari mun bar fili ba. Ya tsinci takalmin ya kaɗe, ya nuna Garba da shi. "Ka kunyata kulob, ka kunyata lardi, ka kunyata Nijeriya! Daga yau ba ka cikin Zakuna, kuma kada in ga ƙafarka wurin aikin hanya."

Na ce, "Malam, Nijeriyar ta san mun zo?"

Ya rungumi takalmin ya juya. Garba ya zauna a rairayi ya haɗa kai da gwiwa. Na dafa shi na ce ya tashi, gonar mahaifinmu tana nan, ba ta taɓa korar kowa ba. Ban dai san abin da zan gaya wa Inna ba, don Baba Jibo tuni ya wuce gida bai ce mana komai ba.

Da safe Zakuna sunka kama hanya, Malam yana tura keke don ƙafar gaba ta lanƙwashe. Na ce da Garba ya zo mu yi sallama, ko ba a ba mu komai ba mu fita haƙƙin gaisuwa. Muna karya kwana sai ga jakai biyu a ƙofar gidan, an labta masu buhun shinkafa, da tulun man shanu, da kifi, da tabarmi sababbi. Biba tana tsaye da goyo, mata sun kewaye ta suna koke-koken rabuwa. Garba ya zube tun daga nesa.

Baba Jibo ya fito yana ɗingishi, gwiwar ta kumbura. Bai dubi Garba ba, ni ya kira.

"Mamman, ga ɗiyarku nan. Ka gai da tsohuwa."

Na ce, "Allah shi ƙara girma, Baba. Allah shi bar zumunci."

Ya ce, "Amin. Saura magana guda, ka gaya ma yaron ga." Ya matso, ya yi ƙasa da murya, amma yadda Garba zai ji. "Ni na tsare gida a gaban kumandan, Turawa na harbi ina kamawa. Jiya ya mai da ni abin tausai, duk gari na cewa surukina ya ji ƙaina. Baɗi in kun taho, ya gaishe ni yadda ya yi, sannan ya buga ta da ƙarfinsa duka. In ya sake yi mani bugun tsohuwa, da ƙafata za ni taho Bagudo in ɗauke ɗiyata."

Garba yana tsugune ya ce, "To, Baba."

Ban ga dalilin gaya wa tsohon an riga an kori yaron daga kulob ba. Na kama igiyar jaki munka yi gabas.